Yadda kan mutum-mutumi zai san inda ya fuskanta

Wani ɗalibi a nan Damagaram ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina haɗa ƙaramin mutum-mutumi da Arduino Uno. Kansa na roba ne, na ɗora masa HC-SR04 mai auna nisa, wani ɗan inji mai giya ke juya shi. Nakan kunna injin rabin sakan ya juya dama, rabin sakan ya dawo. Da farko yana tsayawa daidai, amma in ya jima yana aiki sai in tarar yana kallon gefe, har ya taɓa murɗe wayoyin wuyansa suka tsinke. Me zan ƙara masa ya riƙa sanin inda yake?"

Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Injinka lafiya lau yake, furogiram ɗinka ma yana yin abin da ka ce masa ya yi. Matsalar ita ce lokaci kake aunawa, alhali kwana, wato digirin da kan ya juya, kake son sani. Kamar a ɗaure wa ɗan kabu-kabu ido ne a ce ya yi tafiyar minti biyu ya tsaya ƙofar gidan Sarki: yau da mai a tanki da hanya fayau zai iya dacewa, gobe da yashi da lodi ba zai kai ba. Gudun irin wannan inji yana bin ƙarfin wutar da yake samu. In batir biyu na 18650 ka jera, suna cike bolt 8.4 suke bayarwa, in sun yi aiki sun sauka zuwa 7 gudun ya ragu da kusan kashi 17 cikin 100, wato juyin da ya kamata ya kai digiri 90 zai tsaya wajen 75. Ga kuma wani abu: babu injin da ke gudu dama da hagu daidai wa daida, kuma wayoyin wuya suna ja ta gefe guda. Kowane zuwa da dawowa yana barin ɗan bashi, bashin yana taruwa har kan ya karkace.

Don haka abin da kake bukata ma'auni ne da ke gaya wa Arduino, wato ƙaramin allon kwamfutar da ke sarrafa injin, ainihin kwanar da kan yake a kowane lokaci. Kuma tun yanzu ka riƙe wannan, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya: a jikin wuyan za ka auna, ba a jikin injin ba. Ka kama bakin sandar injinka da yatsu biyu yana kashe, ka ɗan murza ta dama da hagu. Za ka ji tana wasa kafin haƙoran giya su kama juna. Wannan wasan, ma'aunin da ke bayan inji ba ya ganinsa sam. Shi a lissafinsa komai daidai, kai kuwa kana kallon kan ya goce.

Kafin mu zo ga ma'aunin, bari in taɓa hanyoyi biyu da abokanka za su ba ka shawara, don ka san iyakar kowace.

Ta farko ita ce sarbo, irin SG90 ko babban wansa MG996R. Sarbo inji ne da giya da ma'auni da ɗan allon sarrafawa duk a akwati ɗaya. Kana aika masa bugun wuta sau 50 a sakan, tsawon bugun, tsakanin milisakan 1 da 2 a ƙa'ida, shi ke faɗa masa kwanar da zai je, shi kuma ya je ya riƙe. In kan naka marar nauyi ne kuma digiri 180 sun ishe ka, wallahi wannan ce hanya mafi sauƙi, kuma babu abin kunya a bin ta. Sai dai sarbo yana sanin inda yake amma ba ya gaya maka. In yaro ya riƙe kan da hannu, Arduino zai ci gaba da ɗauka cewa an isa. Ana gyara wannan da waya ɗaya: ka kwance ƙusoshi huɗun da ke ƙasan akwatin, za ka ga ƙaramin potansiyomita, irin abin murza muryar rediyo, mai ƙafa uku, ka like siririyar waya da dalma a ƙafar tsakiya ka kai ta ƙafar A0 ta Arduino, wadda ke karanta yawan wuta. Wutar da za ka karanta ba za ta cika daga 0 zuwa 5 ba, saboda haka sai ka tura shi 0 da 90 da 180 ka rubuta lambar da kowane ya ba ka. Ribar da ta fi burge ni a nan ita ce lokacin kunnawa: za ka iya karanta inda kan yake tukuna, ka fara umarni daga nan, maimakon fizgar nan da sarbo ke yi da zarar ya ji bugun farko. Haƙoran SG90 na roba ne, irin wannan fizgar ce ke cinye su.

Ta biyu ita ce inji mai taku, irin 28BYJ-48 da allonsa na ULN2003. Wannan yana tafiya taku-taku, kusan taku 2048 a zagaye ɗaya, kana ƙirgawa. Ya fi ƙidayar lokaci nesa ba kusa ba, tunda saukar batir ba ta sauya girman takun. Amma shi ma ƙidaya ce a makance. In kan ya ci karo da wani abu injin ya tsallake taku goma, ba wanda zai sani. Kuma duk sanda aka kunna shi bai san daga ina ya tashi ba, sai ka sa masa ɗan makunni ko A3144, wata ƴar na'ura mai jin maganaɗisu, tare da maganaɗisu a gefe ɗaya, ya lallaɓa ya taɓo shi, sannan ya fara ƙirga daga nan. Haka ma faifan nan mai tsaga-tsaga da ake cirowa daga matacciyar firinta, wanda haske ke ratsawa ana ƙirga tsagogin. Yana da kyau ƙwarai a ɗaki mai tsabta. A garinmu, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo yana shiga ko'ina har cikin akwatin da aka rufe, kuma tsagar da ƙura ta toshe ta fita daga lissafi ke nan. Ban cika son sa ɗalibi ya fara da shi ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne ma'aunin da ke faɗin kwana kai tsaye da zarar wuta ta shige shi, ba tare da ya tuna komai ba. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin Arduino yana sake tashi daga farko a duk lokacin da wuta ta ɗan yi ƙasa, kuma injin da ya tashi da nauyi shi ne babban mai jawo hakan. Ma'aunin ƙidaya yana mantuwa a wannan ƙiftawar. Mai faɗin kwana kai tsaye ba ruwansa.

Mafi arha a wannan aji shi ne potansiyomita, abin nan da ake murzawa a ƙara muryar rediyo. Za ka same shi wajen masu gyaran rediyo da talabijin a Kasuwar Dole. Amma ka duba rubutun jikinsa da kyau. Wanda aka rubuta A10K na murya ne, ba ya hawa daidai: rabin murzawa ba ya ba da rabin wuta. Kai B10K kake nema. In rubutun ya goge, ka ce mai shagon ya ɗora masa mita, ya kai shi tsakiya, ya auna daga ƙafar tsakiya zuwa kowane gefe. In duka biyun sun yi kusa da 5K, shi ne. Ƙafafun gefe ɗaya bolt 5 ɗaya ƙasa, wato GND, ta tsakiya zuwa A0, ka sa ƙaramar kondansa ta 100nF tsakanin ta tsakiyar da ƙasa don lambar ta daina rawa. Uno yana raba bolt 5 gida 1024, potansiyomita kuma yana juya kamar digiri 270 zuwa 300, ka ga kowane digiri yana samun kusan lamba huɗu. Ya ishe ka har da saura, tunda sautin da HC-SR04 ke aikawa yana bazuwa kamar digiri 15, ba ya bambance digiri ɗaya da biyu. Aibinsa biyu ne. A ciki wani ɗan harshen ƙarfe ne ke goga a kan zanen gawayi, yau da gobe wurin da aka fi gogawa, wato tsakiya inda kan ke yawan tsayawa, sai ya cinye, lambar ta fara tsalle. Ƙura tana hanzarta wannan. Na biyu, yana da iyaka a ciki, in injin ya wuce da shi sai ya karya. Don gwaji da koyon lissafin, ka fara da shi yau ɗin nan. Don abin da zai daɗe, ka nemi na gaba.

Na gaban shi ne AS5600, ƙaramin guntun lantarki, wato IC, da kamfanin ams na ƙasar Ostiriya ya ƙera, ana sayar da shi a like a kan ɗan allo tare da maganaɗisunsa. Ba ya taɓa komai. Maganaɗisu yana juyawa a samansa, shi kuma yana jin inda ƙarfinsa ya dosa, ya raba zagaye ɗaya gida 4096, wato kowane digiri lamba 11 da ɗoriya. Ba abin da ke gogawa balle ya cinye, ƙura ba ta tare shi, kuma an yi shi ya jure zafi har digiri 125, zafin bazararmu ba ya ko girgiza shi. Yana magana da Uno ta wayoyi biyu na I2C, SDA a A4, SCL a A5, adireshinsa 0x36. Galibi sai an yi saƙonsa daga Kano ko Yamai ko ta intanet. In za ka aika, ka sayi biyu ko uku lokaci guda, ka kuma jaddada a haɗo da maganaɗisun.

Na ce ka jaddada ne saboda a nan mafi yawan masu farawa ke faɗuwa. Ba kowane maganaɗisu ke yi ba. Na lasifika da na abin sawa a kunne da mafi yawan ƴan ƙananan da ake samu, arewarsu na fuska ɗaya kudunsu na ɗaya fuskar. In ka kwantar da irin wannan ka juya shi, IC ɗin ba ya ganin wani sauyi, sai ya riƙa ba ka lambobin banza. Wanda ake so shi ne wanda aka raba a faɗinsa, rabin da'irar arewa rabi kudu, mai faɗin milimita 6 ko kusa da haka. Gane shi ba wuya. Ka ɗauko kamfas ɗin duba alƙibla, ka kwantar da maganaɗisun a tebur tazarar tafin hannu daga gare shi, ka riƙa juya shi a kwance a hankali. In allurar tana lilo tana bin juyin, shi ne. In ta karkata ta tsaya cak duk yadda ka juya, ajiye shi, ba na wannan aikin ba ne.

Sai zamansa. Tazarar da ke tsakanin maganaɗisun da bayan IC ɗin daga rabin milimita ce zuwa 3; ni nakan saka katin waya biyu a tsakani lokacin ɗaurewa, in zare su bayan komai ya kama. Tsakiyar maganaɗisun kuma ta hau tsakiyar IC ɗin, kuma ta zauna a kan tsakiyar juyin wuyan. Takardar kamfanin kwatan milimita kawai ta yarda a goce in ana son cikakken daidaito. Kada wannan ya tsorata ka, in ka goce fiye da haka zai yi aiki, sai dai zai riƙa ƙari a wani ɓangaren zagayen yana ragi a wani. Kada ka manna maganaɗisun kai tsaye a kan sandar baƙin ƙarfe, tana janye ƙarfinsa. Ka raba su da guntun roba ko alminiyom ko katako mai kaurin ƴan milimitoci. Kuma don Allah ka bar gam ɗin kyandir ɗin nan da ake narkawa da bindiga. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, cikin shago mai rufin kwano gam ɗin yana yin laushi, maganaɗisun ya ɗan zame, sifilinka ya tafi ba ka sani ba. Gam mai haɗi biyu irin Araldite shi ne daidai. In kana aiki kusa da masu walda, ka rufe wurin da murfin gora, domin garin ƙarfe yana taruwa a jikin maganaɗisu har ya yi masa gemu ya cike tazarar.

Abu biyu a kan allon kansa. Akwai ƙafa mai suna DIR, kada ka bar ta a sake: in ka kai ta ƙasa lamba tana hawa da juyin agogo, in ka kai ta wuta tana hawa ta ɗaya gefen, in ka bar ta haka nan tana iya sauya ra'ayi tsakiyar aiki. Sannan da yawa daga allunan da ke kasuwa an haɗa su ne don bolt 3.3, saboda haka ka ba shi daga ƙafar 3.3 ta Uno sai in ka tabbatar naka na 5 ne. Za ka ga ana maganar ƙona masa sifili na dindindin a cikinsa. Sau uku kacal ake iya yi, ba a kuma gogewa. Kai ba ka bukatar haka: ka daidaita kan yana kallon gaba sosai, ka karanta lambar, ka rubuta ta a furogiram a matsayin tsakiya.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in wuyan yana girgiɗi. Kada ka ɗora kan a bakin sandar inji kai tsaye. Ka yi masa sandarsa, ka zaunar da ita cikin boris biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa da ɗan tazara. Mai lamba 608, wanda raminsa milimita 8 ne, ya dace da wannan girman, in kuma babu, masu gyaran babur da fanka ba sa rasa wanda zai yi. Ka ɗauki mai rufaffen gefe saboda ƙura. Kan yana saman sandar, maganaɗisu yana ƙarshenta na ƙasa, AS5600 yana kwance a ƙarƙashinsa, injin kuma yana gefe yana juya sandar da giya ko bel. Da wannan tsarin, ko bel ɗin ya zame ma'aunin yana faɗin gaskiya.

Yanzu lissafin. Kowane milisakan 10 Arduino ya karanta kwana, ya cire ta daga inda ake son zuwa, wato buri. Abin da ya rage shi ne kuskure. Alamarsa, ƙari ko ragi, ita ke zaɓar gefen da injin zai juya. Girmansa kuma, bayan an ninka shi da wata lamba, shi ke zaɓar ƙarfin PWM, wato yawan wutar da ake sakar wa injin, daga 0 zuwa 255. Da nisa a yi sauri, da an matso a sassauta. Ka yi amfani da umarnin millis wajen ƙirga lokacin, domin umarnin jira na delay yana rufe wa Arduino ido, a daidai lokacin kuwa kan yana tafiya. Da AS5600 akwai wurin da 4095 ke komawa 0, in kan ya ratsa nan lissafi zai ce ya yi nisa ƙwarai ya zabura ta doguwar hanya. Layi ɗaya ke maganinsa:

kuskure = ((buri - yanzu + 2048) & 4095) - 2048;

Wannan kullum yana ba ka gajeriyar hanya, tsakanin -2048 da 2047.

Da ka gwada za ka ga ɗaya cikin abu biyu. Ko dai kan ya iso kusa ya tsaya yana kuka bai ƙarasa ba, saboda PWM ɗin ya yi ƙanƙanta ya motsa shi. Sai ka nemo mafi ƙarancin lambar da ke iya tayar da injin, ka hana umarni sauka ƙasa da ita muddin ba a isa ba. Ko kuma ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa, yana ta girgiza kai. Nan sai ka yi masa rangwame: in kuskure bai kai digiri ɗaya ba, lamba 11 ke nan, a kashe injin a ce an isa. In bai daina ba ka rage ninkin da kake yi wa kuskuren da rabi. In har yanzu yana wucewa saboda nauyi, ka auna saurinsa, wato bambancin karatun yanzu da na baya, ka ninka shi da ƴar lamba ka cire daga umarnin, ya zama birki. Masu karatun injiniya suna kiran cikakken tsarin PID, amma ɓangaren tsakiyar nan, mai tara kuskure, ka bar shi tukuna. In giya tana wasa, shi ne ke ƙara haddasa girgizar. In kana son juyin ya yi kyan gani irin na mai rai, kada ka jefa masa burin gaba ɗaya. Ka riƙa matsar da burin rabin digiri kowane zagayen lissafi, digiri 50 ke nan a sakan, kan ya bi shi a natse.

Gwajin farko ka yi shi ba tare da kan ba, bel a kwance. Ka juya sandar da hannu ka ga ko injin yana ƙoƙarin komawa wajen burin ne ko gudunsa yake. In gudu yake, ka musanya wayoyinsa biyu. Wanda ya tsallake wannan gwajin shi ke ganin kai ya zabura da cikakken ƙarfi har ya bugi iyaka.

Game da wayoyin da suka tsinke, kariya uku za ka sa, kuma kowace tana rufa wa ƴar'uwarta baya. A furogiram, kada buri ya wuce digiri 90 kowane gefe, lamba 1024 ke nan daga tsakiya. Wuyan ɗan Adam ma bai kai haka ba. A jiki, ka kafa ƙusa da za ta tare sandar kaɗan bayan wannan iyakar. Ta uku ita ce wadda aka fi mantawa: in injin yana kunne amma lambar ba ta motsa ba har rabin sakan, ko AS5600 ya daina amsawa, ko ya ce ba ya jin maganaɗisu, abin da yake faɗa a rajistarsa ta 0x0B, a yanke wa injin wuta nan take. Wayoyin da ke hawa zuwa kan kuma ka zaɓi masu laushi masu silli da yawa, ka bar musu lanƙwasa mai yalwa a bayan wuya, ka ɗaure su sama da ƙasa yadda ja ba zai kai ga wurin dalma ba.

Wutar inji daban, ta Arduino daban, ƙasansu a haɗe. Kada ka ciyar da inji ko sarbo daga ƙafar bolt 5 ta Uno. MG996R in ya cije yana iya jan sama da amfiya 2. In kana da zaɓi tsakanin allunan tuƙin inji L298N da TB6612FNG, ɗauki na biyun, domin na farkon yana cinye kusan bolt 2 ya mayar da su zafi. Kondansa 100nF a bakin injin, babba mai 470µF ko 1000µF a mashigar wutar allon tuƙin, wayoyin I2C gajeru kuma nesa da na inji.

In ka gama haɗawa, ka zana da'ira a kwali da ma'aunin kwana na ƴan makaranta, ka yi alama kowane digiri 30, ka manna tsinke a kan ya zama manuni. Ka tura shi kowace alama, sau ɗaya daga dama sau ɗaya daga hagu, ka rubuta inda tsinken ya tsaya. In daga dama da daga hagu sun bambanta fiye da ninki biyu na rangwamen da ka ba shi, wani abu yana wasa tsakanin kan da maganaɗisun, ka duba ɗaurin sandar. In sun yi daidai da juna amma a 30 ya ɗara, a 60 ya ƙara ɗarawa, a ɗaya gefen kuma ya gaza, maganaɗisun ne bai hau tsakiya ba. Ka sassauta ƙusoshin allon AS5600 ka matsar da shi kaɗan-kaɗan har bambancin ya ragu. Shi ya sa tun wajen huda ramukan allon ake ɗan faɗaɗa su. Kuma kada ka karanta HC-SR04 kan yana tafiya: ka jira kuskure ya shiga cikin rangwame, ka auna, ka ajiye nisan tare da kwanar da ma'aunin ya faɗa a wannan lokacin, ba wadda ka umarta ba, ka bar aƙalla milisakan 60 kafin awo na gaba don amsa-kuwwar na farko ta mutu.